Shingil ko Ƙarfe: Wane Rufi Ya Fi Jure Ruwan Ƙanƙara a Kanada da Arewacin Amurka?

Kalma ɗaya Bahaushe ke da ita, ƙanƙara, amma wanda ya mallaki gida a Montiriyal ko Otawa ko Miniyapolis sai ya raba ta uku kafin ya zauna da mai gyaran rufi. Akwai wadda aka sani a gida, mai zubowa kamar tsakuwa ta yi ta dukan kwano. Akwai dusar ƙanƙara, mai sauka a hankali kamar audugar rimi. Ta ukun ita ce batunmu: ruwan sama ne tsagwaronsa, amma da zarar ya taɓa abu sai ya daskare a wurin. Iska mai ɗumi ce ke hawa kan iska mai sanyi, ruwan ya taho a narke daga sama, ya ratsa sanyin da ke kusa da ƙasa, ya huce har ƙasa da sifili bai daskare ba, sai ya sami waya ko reshe ko rufi ya manne. A yawancin yankuna, hukumar yanayi ta Amurka takan fitar da gargaɗi idan ana sa ran kaurinsa zai kai kwatan inci, wato milimita 6 da 'yan kai. Kwatan inci kawai.

A farkon Janairun 1998 an yi kusan mako guda ana irin wannan ruwan a gabashin Ontariyo da kudancin Kebek da jihohin arewa maso gabashin Amurka. A wasu wurare kudu da Montiriyal kaurin ƙanƙarar ya kai milimita 100. Manyan turakun wutar lantarki na ƙarfe kusan 1,000 suka durƙushe, yankin da ke tsakanin Saint-Hyacinthe da Granby da Saint-Jean-sur-Richelieu ya yi makonni a duhu, aka fito da sojojin Kanada fiye da 15,000 don agaji. An sake ɗanɗanawa a Toronto dab da Kirsimetin 2013, sannan a Montiriyal ranar 5 ga Afrilun 2023, lokacin da gidaje da shaguna fiye da miliyan ɗaya suka rasa wuta a Kebek. Duk bayan irin wannan, da bazara ta shigo, masu gida kan tarar da tabon ruwa a silin, su fara tambaya: a sake shingil, wato rufin fale-falen kwalta, ko a yi ta maza a sa ƙarfe a huta?

Ba a amsa wannan sai an san ta wace hanya ɓarnar ta shigo, domin hanyoyin uku ne, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

Ta farko nauyi. Ƙanƙara mai kaurin santimita 1 tana ɗora kusan kilo 9 a kan kowace murabba'in mita. Rufi mai faɗin murabba'in mita 150, idan santimita 5 ta kwanta a kansa, ya ɗauki kusan tan 7 ke nan, ban da dusar da take ƙarƙashi tun farko, wadda ke shanye ruwan kamar soso ta ƙara nauyi. Ta biyu rassan bishiya, waɗanda ke karyewa su faɗo kan rufi. A Toronto a 2013 su ne suka fi yin ta'adi. Ta uku ita ce mai shiga a ɓoye, kuma ita ta fi cin kuɗin mutane shekara da shekaru: madatsar ƙanƙara a bakin rufi. Ɗumin cikin gida yana tsere wa ta silin ya ɗumama tsakiyar rufin, dusar da ke kai ta narke ta ƙasa, ruwan ya gangaro har leɓen rufin da ya fito waje da bango. Can babu ɗumi, sai ya daskare. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ya zama tudu, ruwan da ke biyowa baya ya taru ya kwanta. Ruwan ƙanƙara na ƙara dagula lamarin, domin yana shafe rufin gaba ɗaya da ɓawo mai tauri, ya toshe magudanar bakin rufi da bututun da ke sauke ruwa ƙasa, ruwan da ya narke a ƙarƙashin ɓawon ya rasa hanyar fita.

Yadda shingil yake, da inda yake kasawa

Shingil fale-fale ne na zaren gilashi da aka jiƙa da kwalta, aka barbaɗe samansa da ƙananan tsakuwa. Ana jera su daga ƙasa zuwa sama, na sama ya hau kan na ƙasa, kamar yadda ake baibayar ɗaki da ciyawa. Nan ƙarfinsa yake, nan kuma rauninsa: an yi shi ne don ruwa mai gangarowa, ba don ruwa mai kwanciya ba. Idan madatsa ta tare ruwa ya koma baya da 'yan santimitoci, zai shige ƙarƙashin fallen da ke sama, ya sami ramin ƙusa, ya bi ta nan zuwa katako. Sabon shingil da tsoho duk ɗaya ne a wannan. Shi ya sa mutum zai sake rufi a watan Yuli, a watan Fabrairu ya ga ruwa na ɗiga ta saman taga, ya ɗauka an cuce shi.

Ana auna shi da sikweya, wato murabba'in ƙafa 100, kimanin murabba'in mita 9.3, kuma yawanci ɗauri uku ne ke rufe sikweya ɗaya. Kowane falle ƙusa huɗu, inda iska ke da ƙarfi shida, kuma dole ƙusar ta zauna a kan layin da kamfani ya zana. Leburan da ke sauri da bindigar ƙusa yakan buga sama da layin, ƙusar ta kama falle ɗaya maimakon biyu. Irin wannan ne nauyin ƙanƙara ke zamewa da shi ƙasa. Gangaren da ya dace da shi 4 cikin 12 ne zuwa sama, ma'ana duk inci 12 a kwance rufin ya tashi inci 4. Tsakanin 2 da 4 cikin 12 sai an ninka shimfiɗar ƙarƙashi, ƙasa da 2 kuwa ba wurin shingil ba ne sam.

A cikin sanyi yana ƙagewa ya yi tauri, takawa kaɗan sai ya tsage. Yawancin shingil ɗin da ake gani a farfashe bayan ruwan ƙanƙara ba ƙanƙarar ce ta fasa shi ba, gatari da guduma da shebur ɗin mai gida ne.

Amma yana da abubuwa biyu da ba a cika yaba masa ba. Kaushin tsakuwarsa na riƙe dusa da ƙanƙara a inda suke har su narke, ba sa ruftowa kan mutane. Sannan gyaransa sauƙi: reshe ya fasa falle goma, a zare goman a sa wasu, kowane mai gyaran rufi a unguwa zai iya.

Ƙarfe iri biyu ne, kada a haɗa su

Wanda ya taso a ƙarƙashin kwano yakan ji an ce rufin ƙarfe ya ɗauka abin da ya sani ne. Akwai mai kama da shi: faifan da ake ɗaurewa da sukuru ta sama, kowane sukuru da 'yar wosha ta roba. Shi ne mai arha, kuma shi aka fi sa wa rumbuna da gareji. Matsalarsa lissafi ne. Faifan ƙarfe mai tsawon mita 10, daga sanyin digiri 25 ƙasa da sifili zuwa zafin digiri 60 da yake ɗauka a ranar bazara, yana miƙewa ya tsuke da kusan santimita 1. Na alminiyam ninki biyu. Wannan kai-komon yana faɗaɗa ramin sukuru, rana kuma tana cinye robar. Rufi guda yana da dubban sukurori, kowanne ƙofa ce idan ruwa ya kwanta a bayan madatsa. Ƙanƙara mai zamewa ma takan kama kawunansu ta girgiɗa su. Ga gidan zama a ƙasar ƙanƙara, wannan bai fi shingil mai kyau ba, sai dai in mai gida ya yarda zai sa a bi sukurorin ana canzawa bayan shekara goma sha wani abu.

Na biyu shi ne mai tsayayyen ɗinki, wanda masu sana'ar ke ce wa standin sim. Dogayen faifai ne daga ƙololuwa har baki ba yanka, gefensu a tashe da tsayin inci 1 zuwa 2, ana kama su da maƙalai a ɓoye a ƙarƙashin ɗinkin, faifan ya sami damar miƙewa ba tare da ya ja ƙusa ba. Kaurinsa geji 24 ko 26. Lambar na raguwa, kaurin na ƙaruwa. Shi ma kashi biyu: mai ɗanawa da hannu, wanda ke son gangare 3 cikin 12 zuwa sama, da wanda ake naɗe ɗinkinsa da inji, mai jure gangare kaɗan kuma ya fi tare ruwan da ya kwanta. Idan ana kwatanta ƙarfe da shingil a maganar ƙanƙara, wannan ake nufi.

Akwai na uku a gefe, ƙarfe mai barbaɗin tsakuwa, irin wanda ya cika sababbin unguwannin Abuja da Kano ana ce masa Gerard. Wajen riƙe dusa halin shingil gare shi, ba na ƙarfe mai santsi ba, kuma shi ma fale-fale ne masu hawa kan juna.

A gaban madatsa

Nan mai tsayayyen ɗinki ya yi nasara, amma ba irin nasarar da dillalai ke faɗa ba. Babu layukan kwance da ruwa zai koma ya shiga, babu ƙusa a fili, kuma da rana ta ɗan haska, ƙasan dusar ya yi laushi, sai komai ya zame. Duk da haka madatsa na taruwa a kan ƙarfe, musamman a kwarin da rufi biyu suka haɗu, a bayan bututun hayaƙi, da kewayen tagar rufi. Idan ruwa ya taru ya haura tsayin ɗinkin, zai shiga. Kuma ƙanƙara mai saukowa ta kwari tana da ƙarfin da za ta lanƙwashe ɗinkin faifan da ke gefe. Rufi mai kwari shida da 'yan ɗakunan da suka leƙo ta samansa ba ya samun rabin amfanin da rufi mai fuska biyu sak ke samu.

Abin da ya zame, ina zai faɗa?

Wannan tambayar ce mutane ke mantawa. Falon ƙanƙara mai kaurin santimita 5, faɗin mita 3, tsawon mita 4, ya haura rabin tan. Daga saman bene yake tahowa lokaci guda, ba sallama. Yana yage magudanar bakin rufi, ya karya bututun iska na bayan gida da ya leƙo ta rufin, ya faɗa kan mota ko mitar gas ko na'urar sanyaya ɗaki, ya toshe ƙofa. In ya binne bututun da injin ɗumama gida ke fitar da hayaƙi ta jikin bango, hayaƙin mai guba zai iya komawa ciki. A unguwannin da gidaje ke kusa da juna, a farfajiyar maƙwabci zai sauka.

Maganinsa birki: ƙananan ƙafafu ko sanduna biyu a kwance da ake maƙalawa a ɗinkin da matsi, ba tare da an huda faifan ba. Wanda ake mannawa da gam yakan ɓalle. Kuma ba a sa ɗan guntu a saman ƙofa kaɗai, domin nauyin duk dusar da ke sama da shi, har da ta gefe, a kansa zai taru ya tumɓuke shi. Ana jera shi ne tsawon bakin rufin, wani lokaci layi biyu, bisa lissafin gangare da tsawon faifai. Sai dai a lura da abin da ya faru: da ka sa birki, dusar ta zauna, kuma rufin ƙarfenka ya koma ɗaukar nauyi kamar shingil. Wanda ya sayi ƙarfe don ya rabu da nauyi, sannan ƙofar gidansa da hanyar motarsa suna ƙarƙashin bakin rufin, ya biya kuɗin abin da ba zai mora ba.

Nauyi da rassa

Shingil kansa yana da nauyin kilo 10 zuwa 15 a murabba'in mita, ƙarfe kuwa kilo 5 zuwa 6. Bambancin bai fi nauyin ƙanƙara santimita 1 ba, don haka kada a ba shi muhimmancin da bai kai ba, sai fa in shingil ɗin hawa biyu ne, sabo a kan tsoho. Abin da ke ɗaukar kaya shi ne rafta, ba abin da aka shimfiɗa a sama ba. Dokar gini ta Kanada ba ta yarda a lissafa wa rufin ƙaramin gida nauyin dusa ƙasa da kilopaskal 1 ba, kimanin kilo 100 a murabba'in mita, kuma a garuruwa masu yawan dusa adadin ya fi haka nesa. Ofishin gine-gine na gari ne ke da na kowane wuri. Alamun an yi wa rufi yawa a cikin gida ake ganinsu: ƙofofin ɗakunan sama su fara cijewa, sabuwar tsaga ta bayyana a bango kusa da tsakiyar gida, silin ya yi ciki, a riƙa jin ƙarar katako. In an ga haka a fitar da iyali tukuna, sannan a kira injiniya.

Reshe kuwa ba ya tambayar irin rufi. Ƙarami zai kankare tsakuwar shingil ko ya loɓa ƙarfe. Babba zai huda kowanne. Bambancin a wajen gyara ne. Faifan mai tsayayyen ɗinki guda ɗaya in ya lalace, sai an warware ɗinki daga ƙololuwa zuwa baki, a nemo launi iri ɗaya, a nemo mai injin, kuma masu wannan aikin ba su da yawa, balle a makon da gari duka ke neman mai gyara. Sare rassan da suka rataya a saman gida tun kaka ya fi kowane zaɓin rufi arha.

Wani ruɗani da kalmarmu ɗaya ke jawowa: za a nuna maka shingil mai "aji 4" a ce yana jure ƙanƙara. Gwajin da ake yi masa shi ne a sako dunƙulen ƙarfe mai faɗin inci 2 daga tsayin ƙafa 20. Wato ƙanƙara mai jifa ake nufi, irin ta Kalgari da Teksas. Ba ruwansa da madatsa.

Kuɗi, shekaru da inshora

Mai tsayayyen ɗinki yakan ci ninki biyu zuwa uku na kuɗin shingil. Shingil a wannan yanayin shekara 15 zuwa 25 yake yi, mai kyau a rufi mai shan iska ya kai 30; ƙarfen yakan yi 40 zuwa sama. Wanda zai zauna a gidan har 'ya'ya su gaje shi, lissafin na iya fita. Wanda ke shirin sayarwa bayan shekara bakwai, ko yana gini a gida yana jiran ritaya ya koma, da wuya ya maido da bambancin.

A takardar inshora a duba abu uku. Shin in rufi ya tsufa, kuɗin sabo za su biya ko za su cire na tsufa? Shin akwai sharaɗin da ya cire loɓawar da ba ta sa yoyo ba, wanda aka fi liƙa wa rufin ƙarfe? Sannan shin ruwan da ya shigo ta rufi yana ciki? A Kebek, shigar ruwa ta saman gida yawanci ƙari ne da ake saye daban, ba ya cikin inshorar asali. A ɗauki hoton madatsar da tabon silin tun ƙanƙarar ba ta narke ba.

Abin da ke ƙarƙashi, wanda ya fi na saman muhimmanci

Kowanne aka zaɓa, akwai shimfiɗar roba mai ɗanko da ake mannawa kai tsaye a kan katako, wadda ke rungume ƙusa idan ta huda ta. Ita ce ainihin mai tare ruwan madatsa. Dokar gidaje ta Amurka ta ce, a yankunan da aka san su da madatsa, ta taso daga bakin rufi har ta wuce layin bangon waje da inci 24 zuwa ciki. Ta Kanada ta ce aƙalla milimita 900 daga baki, kuma ta wuce fuskar bangon ta ciki da milimita 300. Naɗin robar faɗinsa inci 36 ne, kimanin santimita 91. To ga inda ake yi wa mutane ƙwange: idan leɓen rufinka ya fito da santimita 45, ka ƙara 61 na dokar Amurka, ka sami 106 a kwance, a kan gangare ma ya fi haka. Layi ɗaya bai kai ba. Biyu ake bukata, kuma ɗan kwangilar da ya rubuta "layi ɗaya" ya bar daidai wurin da ruwa ke kwanciya a buɗe. A sa ta kuma a duk kwari, da kewayen bututun hayaƙi da tagar rufi, da inda rufi ya jingina da bango. A ƙarƙashin ƙarfe sai mai jure zafi, domin ta gama-gari na narkewa da zafin bazara. Wannan ne ma dalilin da ya sa ɗora ƙarfe a kan tsohon shingil, ko da doka ta yarda, araha ce ta banza ga gidan da ya taɓa yoyo: ba a ga ruɓaɓɓen katako ba, ba a manna robar ba.

Robar tana tare ruwa ne, ba ta hana madatsa. Mai hana ta shi ne rufin ya zauna da sanyi daga sama har ƙasa, kuma wannan aikin a atik ake yinsa, wato kogon da ke tsakanin silin da rufi. Jerin aikin yana da muhimmanci. Da farko a ɗaga audugar tare zafi a toshe duk inda iskar gida ke hawa: kewayen fitilun da aka binne a silin, ramukan waya da bututu, saman bangayen ciki, murfin ƙofar atik. Ƙananan ramuka da kumfa ko gam. Kewayen bututun hayaƙi kuwa da faifan ƙarfe da gam mai jure wuta, kumfa ba ta zuwa nan. Fankar bayan gida da ta kicin su fitar da tururinsu waje, ba cikin atik ba. Gidan da ake dafa tuwo da miya kullum, ga baƙi, ga wanka, tururinsa ya fi na maƙwabta, kuma in ya hau atik yakan daskare a jikin katako da ƙusoshi, ya narke ranar da gari ya yi ɗumi, a ɗauka rufi ne ke yoyo.

Bayan toshewa sai ƙarin auduga. A yankuna masu tsananin sanyi ana son ƙarfin tare zafinta, wanda ake aunawa da lambar R, ya kai R-50 zuwa R-60, wato kaurin santimita 40 zuwa 45 na irin wadda ake fesawa da inji. Zuba ta ba tare da an toshe ramuka ba kamar lulluɓa da bargo ne a bar taga a buɗe. Na ƙarshe iska: ƙa'idar Kanada ita ce faɗin kafofin iska ya kai kashi 1 cikin 300 na faɗin silin, a raba tsakanin ƙarƙashin leɓen rufi da ƙololuwa. Silin mai murabba'in mita 100 na son kusan sulusin murabba'in mita. A sa 'yan kwararo tsakanin rafta a bakin rufi don kada audugar ta toshe kafofin ƙasa, kuskuren da aka fi samu bayan an ƙara auduga.

Gwajin da ba ya cin ko sisi: da safe bayan dusa mai sauƙi ko raɓa ta daskare, fita ka dubi rufinka da na maƙwabta. Inda ya riga narkewa, nan ɗumi ke fita.

Wayar ɗumama fa?

Ita ce arhar da ke jan hankali: waya ana jera ta kamar haƙoran zarto a bakin rufi, a bi da ita cikin magudana da bututun sauke ruwa. Ba ta narkar da madatsa, hanya kawai take buɗe wa ruwa. Mai arha tana cin kusan wat 5 a kowace ƙafa, wato ƙafa 200 wat 1,000, kilowat-awa 24 a yini in an bar ta a kunne. Mai daidaita zafinta da kanta ta fi tsada, ta fi daɗewa. Dole a haɗa ta da soket mai katse wuta idan ruwa ya shiga. Tana da amfani a lungun da gyaran atik ba zai kai ba, kamar silin da ya bi gangaren rufi ko kwarin da ba ya ganin rana. Babban aibinta a batunmu a fili yake: ruwan ƙanƙara da ɗaukewar wuta tare suke zuwa.

Idan madatsa ta riga ta taru ruwa na shiga, masu aiki da tururi marar ƙarfin feshi ne ke yanka ta ba tare da sun ɓata rufi ba. Injin wankin mota mai feshi da ƙarfi yana kwashe tsakuwar shingil. Kafin su zo, a cika safa doguwa da gishirin kalsiyam a ɗora ta a gicciye kan madatsar ta huda hanya. Gishirin hanya na gama-gari yana cin ƙusa da magudana, kuma a kan rufin ƙarfe kowane gishiri abin gudu ne. Manjagara mai dogon hannu, daga ƙasa, tana janye dusar mita ɗaya daga baki kafin ruwan ya zo, a nesa da wayar wuta. Bayan ɓawo ya kama ba ta da tasiri. Hawa rufi mai ƙanƙara kuwa ba aikin mai gida ba ne.

Masu gidajen Montiriyal masu shafaffen rufi, wannan gardamar ba tasu ba ce: nasu yawanci shimfiɗar kwalta ce hawa-hawa, da magudana a tsakiya wadda ke bi ta cikin gida. In wuta ta daɗe a ɗauke gidan ya huce, bututun na iya daskarewa ruwa ya taru a sama, don haka bakin magudanar ne abin dubawa.

To wa zai ɗauki wanne?

Mai rufi mai sauƙin fasali, gangare 6 cikin 12 ko fiye, ga fili a gefe inda kaya zai zube ba kowa, ga niyyar dogon zama, ga kuɗi: ya sa mai tsayayyen ɗinki, geji 24, bayan an cire tsohon rufi. Haka ma wanda ɗakunansa na sama ke cikin rufin kansa, inda babu atik ɗin da za a gyara, ko mai ɓangare marar gangare sosai. Ɗinkin inji ya fi masa.

Saura, kuma su ne mafi yawa, masu gida a unguwa mai cunkoso da rufi mai kwaruruka: shingil mai kauri, roba layi biyu, sannan kuɗin da ya rage daga na ƙarfe a kai shi atik. Ƙarfe a kan atik mai yoyon ɗumi zai ci gaba da tara ƙanƙara a kwari da magudana. In kuma shingil ɗin bai wuce shekara goma ba kuma yoyon a bakin bango kaɗai yake fitowa lokacin sanyi, kada a sake rufin ma. A gyara atik, a ɗaga layukan ƙasa a sa roba.

Lokacin aiki shi ma zaɓi ne. Shingil yana da layin gam da zafin rana ke narkarwa ya manne fale-falen. Ƙasa da digiri 5 ba ya kamawa, sai an bi kowane falle da ɗigon kwalta da hannu. Don haka a tsakiyar hunturu tamfol da facin gaggawa ake yi, babban aikin ya jira ƙarshen Afrilu zuwa Oktoba. Ƙarfe ba ya jiran rana, amma robar ƙarƙashinsa na son katako busasshe. A takardar kwangila a rubuta layin roba nawa da inda za ta kai, farashin canza kowane allon katako da aka tarar ya ruɓe, sabon ƙarfen mahaɗa a bututun hayaƙi da bango maimakon tsohon, adadin ƙusa a falle, da wanda zai duba kafofin iska bayan an gama. A kuma nemi hoton robar a manne kafin a rufe ta, domin da falle na farko ya hau, ba mai sake ganinta.